Garmaho Ya Zama Abin Kiɗa: Jawabi Kan Koya Wa Samarinmu Sana'ar DJ

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan kwamitin matasa ya gabatar a babban taron ƙungiya. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, domin waɗanda ba su sami halarta ba.

 



An ba ni ɗan lokaci ne in yi bayani a kan roƙon da kwamitin matasa ya kawo gaban ƙungiya, wato a ba mu aron ɗakin nan na bayan ofis ranar Asabar da Lahadi, mu riƙa koya wa yara sana'ar sa faifai, wadda yanzu kowa ya fi sani da DJ. Ina kallon fuskokin iyayenmu lokacin da sakatare yake karanta takardar, na kuwa ga wasu sun haɗa gira. Ban ga laifinsu ba. Abin da mafi yawanmu muka sani da sunan DJ shi ne yaron da zai zo gidan biki ya kafa lasifika huɗu a bakin layi, ya hana mara lafiya barci, a kira Magariba a kira Isha bai rage murya ba. In wannan ne za mu koyar, ni ne farkon wanda zai ce kada a ba da ɗakin. Saboda haka ina roƙon ku ba ni kunnuwanku in faɗi abin da sana'ar take a asalinta, sa'an nan ku yanke hukunci.

Dattawan da ke nan sun san garmaho. Kakanninmu da haƙar kuza ta kawo wannan tsauni, da waɗanda suka biyo jirgin ƙasan da ya iso daga Zariya a 1914, ba su zo da diga da kwano kaɗai ba, makaɗa ma sun biyo su, daga baya kuma garmaho ya shigo barikokin kuza da shagunan gari. Na wancan zamani da hannu ake wana shi, faifansa mai nauyi ne, yana juyi 78 a minti ɗaya, in ya faɗi ƙasa sai dai a share. Daga baya aka sami na lantarki mai ƙaramin faifai mai juyi 45, da babban faifai mai juyi 33 da sulusi, irin waɗanda kamfanonin Legas kamar EMI da Decca suka riƙa bugawa. A duk wannan zamani aikin mai garmaho ɗaya ne: ya ɗora allura, ya koma gefe ya zauna har waƙa ta ƙare. Taɓa faifai yana cikin juyi kuwa laifi ne babba, yaro na iya shan mari a kansa.

To, waɗansu yara ne a wata unguwar talakawa da ake kira Buronkis a birnin Niyok na Amurka suka karya wannan doka. Ranar 11 ga Agusta, 1973, wani saurayi mai suna Clive Campbell, wanda duniya ta sani da Kool Herc, ya sa faifai a wani ɗan biki da 'yar'uwarsa Cindy ta shirya a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Shi Herc haifaffen Jamaika ne, iyayensa neman abinci ya kai su Amurka, kamar dai yadda ya kawo namu Jos. Ya lura cewa a kowace waƙa akwai wani ɗan wuri da mawaƙi yake yin shiru, ganguna kaɗai suke magana, kuma a nan ne masu rawa suke fin zabura. Wurin ba ya wuce 'yan daƙiƙu. Sai ya sayi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora a kan garmaho biyu, in wurin gangar ya ƙare a na hagu sai ya tashe shi a na dama, kafin nan ya mayar da allurar na hagu baya. Da haka kiɗan daƙiƙa goma ya zama na minti biyar. A kan wannan kiɗa ne yara suka fara zuba magana mai amsa-amo, abin da ya zama waƙar hip-hop.

Wanda ya gyara abin ya zama ilimi shi ne Grandmaster Flash, shi kuma an haife shi a tsibirin Babados. Ina so iyayenmu su riƙe wannan: Flash makarantar koyon sana'a ya yi, gyaran kayan lantarki ya karanta. Da hannunsa ya ƙara wa na'urarsa ɗan makunni da zai ba shi damar sauraron faifai na biyu a kunnensa shi kaɗai kafin jama'a su ji. Ya riƙa sa alama a jikin faifai, yana ƙirga juyi nawa zai mayar da shi baya ya faɗa daidai kan bugun da yake so, ya kuma shimfiɗa wani ƙyalle mai santsi a ƙarƙashin faifan domin ya iya tsayar da shi da yatsa alhali farantin yana ci gaba da juyawa a ƙasa. Sai kuma wani yaro, Grand Wizzard Theodore, wanda a wajen 1975, yadda shi da kansa yake ba da labari, mahaifiyarsa ta leƙo ɗaki tana yi masa faɗan ƙara, ya dafe faifan da hannu yana sauraronta, yana ɗan tura shi gaba yana jawo shi baya, sai ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba. Wannan shi ne asalin ƙarzar faifai. Kun ga ashe faɗan iyaye mata ma yana da ranarsa.

Mu nan Jos abin ya iso mana ne ta bidiyo. Ina yaron shago a wajen wani mai ɗaukar kaset da hayar lasifika, sai wani ya kawo kaset ɗin bidiyo na bikin ba da kyautar Grammy na 1984, inda Herbie Hancock ya yi kiɗansa mai suna Rockit. A cikin makaɗan akwai wani da ake kira Grand Mixer D.ST, ba ganga a gabansa, ba molo, ba sarewa, sai garmaho, yana murza faifai da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan wani ɗan maɓalli, sauti yana fita daidai da bugun kiɗa kamar mutum yana magana. Mu da muka saba da fim ɗin Indiya a silimar Kwararafa muka yi tsit. Mun mayar da wurin nan baya ya fi a ƙirga. Abin da na gane a ranar, kuma har yau a kansa nake, shi ne wannan mutum kalangu yake kaɗawa. Ku duba mai kalangu: hannu ɗaya yana bugu da makaɗi, hammata tana matse tsarkiya tana sakinta, murya tana hawa tana sauka har ganga ta kira sunan mutum. Haka faifai yake. In ka tura shi da sauri murya ta yi sama, in ka ja shi a hankali ta yi ƙasa, ɗan maɓallin nan mai zamewa hagu da dama kuma shi ne yake yanka sautin gunduwa-gunduwa. Wanda ya tashi yana jin kalangun Alhaji Mamman Shata ba baƙo ba ne a wannan fage.

Garmahon da aka yi wannan aiki da shi kuwa ba kowane ba ne. Irin na gidajenmu roba ce take jan farantin, in ka dafe shi sai ya yi nauyin tashi, ko robar ta zame. Kamfanin Technics na Japan ya fito da SL-1200 a 1972, sa'an nan a 1979 ya fito da wanda ya gaje shi, MK2, wanda injinsa ne kai tsaye yake juya farantin, ka sake shi nan take ya koma gudunsa. Yana kuma da wani maɓalli a gefe da ke ƙara gudu ko rage shi da kashi 8 cikin 100, wato waƙar da take bugu 100 a minti kana iya kai ta 108 ko ka sauko da ita 92. Da wannan ne ake daidaita waƙa biyu su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, a fita daga ɗaya a shiga ɗaya mai rawa bai ji tuntuɓe ba. Mu kuwa da na roba muka fara, da janareta mai tari, wanda in ya ja numfashi sai ka ji mawaƙi ya koma muryar tsoho. Ledar da faifai yake zuwa a ciki muke yankawa mu shimfiɗa a ƙarƙashi don ya yi santsi.

Can waje abin ya yi nisa. An fara gasar duniya ta DMC a Landan a 1985, a 1986 wani Ba'amurke DJ Cheese ya ci ta da ƙarzar faifai, daga nan gasar ta zama ta masu wannan fasaha, kowa a ba shi minti shida ya nuna abin da hannunsa ya iya. A 1992 su Qbert da Mix Master Mike, 'ya'yan mutanen Filifin da ke zaune a San Faransisko, suka ɗauki kambun. A wajen 1995 ne DJ Babu ya raɗa wa mai wannan aiki suna na dabam, tantebulis, don a bambanta mai kaɗa garmaho da mai kunna shi kawai. Ba su tsaya nan ba, suka buɗe makarantu. Jam Master Jay na ƙungiyar Run-DMC yana cikin waɗanda suka kafa Scratch DJ Academy a Niyok a 2002, shekarar da aka kashe shi, a 2004 kuma babbar kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston ta sa garmaho a cikin darussanta. A ƙasar nan ma mutum kamar DJ Jimmy Jatt na Legas da wannan sana'a ya yi suna, ya rufa wa kansa asiri, yara da yawa suka tashi a ƙarƙashinsa.

Mu fa? Kaset ya kashe faifai a kasuwarmu, CD ya kashe kaset, kwamfuta da wayar hannu suka kashe CD. Kasuwar Taminus ta ƙone a 2002, ta tafi da jarin mutane da dama, har da masu sayar da kayan sauti. Manyan da suka iya aikin wasu sun rasu, wasu sun koma wata sana'ar, wasu rikici ya kore su zuwa Bauchi da Kano da Abuja. Yaron yau ya sami laftof da manhajar da take daidaita masa gudun waƙa da danna maɓalli ɗaya, bai taɓa zama a gaban ubangida ba. Ba wanda ya koya masa ƙirga bugu, balle ya koya masa ladabin taro. Abin da kuke gani a bakin layi ke nan. Kowace sana'a a garin nan tana da ubangida: makanike a Farin Gada ba ya miƙa wa yaro sifana ya ce je ka kwance inji, tela ba ya ba sabon yaro shaddar mutane ya yanka, mahauci ma sai ya daɗe yana riƙe ƙafa kafin a ba shi wuƙa. Wannan sana'a ce kaɗai muka bari yara suna yaye kansu.

Kuma ba za su daina ba don mun ɗaure fuska. Garin nan garin kiɗa ne, ko mun so ko mun ƙi. A Bukur aka haifi Alhaji Adamu Ɗanmaraya a 1946, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya, gwangwani da fatar akuya, ya zaga duniya, ya yi wa karen mota waƙa lokacin da kowa sarakuna da attajirai yake wa, har Allah ya karɓi abinsa a watan Yuni na 2015. A garin nan aka haifi tagwayen P-Square, a nan M.I da Jesse Jagz da Ice Prince suka tashi kafin su tafi Legas. 'Ya'yan maƙwabtanmu sun mayar da kiɗan zamani sana'a da kamfani da takardar yarjejeniya, namu kuwa suna yi a ɓoye, a raine, ba mai duba su. Wanda yake aiki a ɓoye kuwa shi ne mai sayar da ƙwaya yake fara samu. Kowa a nan ya san abin da maganin tari mai kodin ya yi wa unguwanninmu kafin gwamnati ta hana shi a 2018, ya kuma san wasu abubuwan sun maye gurbinsa.

Akwai wani abu kuma da ke ci mini rai. Lokacin da nake yaron shago, mukan tura lasifika a kura mu kai ko'ina a garin nan, yau suna a Gangare, gobe ɗaurin aure a Tudun Wada, jibi bikin makarantar mishan. Tun daga 7 ga Satumba, 2001, da abin da ya biyo baya a 2008 da 2010, gari ya rabu. Akwai saurayi a Unguwar Rogo yau da ya kai shekara ashirin bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Sana'o'in da suka rage suna tsallake wannan iyaka kaɗan ne, mai kayan sauti yana cikinsu, domin mai biki gwani yake nema, ba ya tambayar unguwa. Yaron da yake da abokan ciniki a ɓangare biyu na gari yana da abin da zai yi asara in gari ya rikice, irinsa ba ya saurin ɗaukar dutse.

Yanzu ga abin da za mu yi a ɗakin, in kun ba mu. Wata uku na farko ba mai taɓa kwamfuta. Yaro zai koyi naɗe waya, da ɗaukar lasifika ba tare da ya karya ƙugunsa ba, da like waya da dalma, da gane wace amfilifaya ce za ta iya da wace lasifika, da yadda ake kafa makirfo ba ya kuka. Zai koyi ƙirga: ya sa agogo, ya ƙirga bugun waƙa na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu, ya faɗa mini gudunta. Zai koyi cewa yawancin kiɗan zamani huɗu-huɗu yake tafiya, ana sauya zance bayan bugu 16 ko 32, kuma a nan ne ake shigo da sabuwar waƙa. Daga nan sai ya hau garmaho, ya daidaita faifai biyu da kunnensa kaɗai. Wannan shi ne wuri mai wuya, yara da yawa a nan suke gudu, domin sai ka yi mako da mako kana jin ganguna biyu suna karo kamar dawakai sun ɓalle, kafin wata rana kunnenka ya buɗe ka gane wanne ne yake gaba. Ƙarza tana zuwa a ƙarshe, ita ma daga mafi sauƙi, turawa da jawowa ba tare da taɓa maɓalli ba.

Abin da na fi ɗoki shi ne darasin kiɗanmu na gida. Haɗa kiɗan kwamfuta da ɗan'uwansa abu ne mai sauƙi, domin inji ba ya gajiya, gudunsa ɗaya daga fari har ƙarshe. Makaɗin kalangu kuwa mutum ne, in waƙa ta yi daɗi sai ya ƙara wuta, in 'yan amshi sun karɓa sai ya ɗan lafa, ga shi kuma kiɗanmu da yawa uku-uku yake tafiya. Wanda zai ɗora kalangu ko kukuma ko kiɗan ƙwarya a kan bugun zamani dole yatsansa ya zauna a gefen faifai, yana ɗan turawa yana ɗan riƙewa har waƙa ta ƙare. Maɓallin kwamfuta ba ya iya wannan yadda ya kamata. Na taɓa koya wa wani yaro ɗan gidan makaɗa, abin da wasu suke wata biyu suna nema shi a kwana goma ya kama shi, domin tun yana goye yake jin sa. In akwai abin da yaron Jos zai kai gaban duniya wanda na Niyok ba shi da shi, to wannan ne. Za kuma mu koya musu cewa waƙar mutum haƙƙinsa ce da na magadansa, akwai dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ba a yankar muryar mamaci a sayar ba da izinin iyalinsa ba.

Iyayenmu malamai, ban zo in yi fatawa ba, ba fagena ba ne. Garin nan garin ilimi ne, a nan aka kafa ƙungiyar Izala a 1978, ga kuma zawiyoyin ɗariƙu da makarantun allo a kowace unguwa, kowa yana da malamin da yake bi. Saboda haka ba za mu karɓi yaro ba sai mahaifinsa ko waliyyinsa ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Wanda bai yarda ɗansa ya yi kiɗa ba, yana iya barinsa ya koyi ɓangaren sauti kaɗai, domin wa'azi da musabaƙa da Maulidi da walima da saukar karatu duk suna bukatar wanda ya iya kafa lasifika, kuma ku shaida ne sau nawa makirfo yake ba mu kunya a tsakiyar huɗuba. Wanda ya shiga ɓangaren kiɗa kuwa zai ɗauki alkawari a gaban kwamiti: in an kira salla sauti ya mutu, ba ragewa ba, ba waƙar batsa ko ta zagin wata ƙabila ko wani addini, ƙarfe goma na dare an naɗe waya, wanda aka kama da kayan maye ya bar ɗakin. Maganar ƙara ma ba ta maƙwabta kaɗai ba ce. Masana lafiya sun ce sautin da ya kai awo 85 na desibel, in mutum ya wuce awa takwas a cikinsa yana cin kunne, lasifikar biki kuwa ta wuce haka nesa. Abokan sana'ata da yawa yau sai an ɗaga murya suke ji.

Iyayenmu mata, ku ma akwai naku. Kullum ƙorafinku shi ne a taron kamu ko wunin biki, inda mata zalla ne, sai a kawo ƙato da yaransa su zauna a tsakiya saboda shi ne mai kayan kiɗa. Maganin wannan shi ne 'yan mata su iya aikin. Mun ware safiyar Lahadi dominsu su kaɗai, kuma muna roƙon ɓangaren mata ya ba mu uwa ɗaya da za ta riƙa zama da su har a tashi.

Kayan aiki ba mu roƙi kuɗin ƙungiya ba. Ina da garmaho biyu da mikisa, wani ɗan'uwa ya yi alkawarin lasifika biyu, wani kuma tsohuwar laftof. Abin da muke nema ɗakin ne, da izinin jawo wuta daga ofis, mu biya rabonmu. Sai kuma roƙo ga kowa da kowa: duk wanda yake da tsofaffin fayafayai a ƙarƙashin gado ko a cikin adakar mahaifinsa, na Shata ne ko na Ɗanmaraya ko na Ɗanƙwairo ko ma na Indiya, don Allah kada a ba yara su yi wasan jifa da su, kada kuma a bar su a kwance wani kan wani ko a rana, lanƙwashewa suke yi. A jera su a tsaye, a kawo mana. Ba za mu ƙarza su ba. Za mu wanke su, mu ɗauki abin da ke ciki a kwamfuta, mu rubuta sunan mai shi, mu mayar masa da abinsa tare da kwafi a wayarsa.

Za mu fara da yara goma sha biyu, domin garmaho biyu ba za su ɗauki fiye da haka ba. Bayan wata shida kwamitin dattawa ya zo ya zauna a ɗakin, ya ga abin da suka koya, ya tambayi maƙwabta da iyayensu. In bai gamsu ba, mu miƙa makulli. Takardar sa suna tana wajen sakataren matasa a bakin ƙofa, wanda yake so ya zo da mahaifinsa ranar Asabar bayan La'asar.